Shan Maganin Ciwo Mai Ƙarfi Bayan Tiyatar Gwiwa: Daga Gadon Asibiti a Yamai Zuwa Ranar Ajiye Ƙwaya

Ko an canja wa mutum gaɓar gwiwa baki ɗaya saboda guringuntsinta ya cinye, ko an gyara masa jijiyar da ta tsinke a filin ƙwallo, ko an haɗa ƙoƙon gwiwar da ya fashe a haɗarin babur, abin da ke jiransa bayan tiyata iri ɗaya ne: za a ce ya fara motsa ƙafar tun tana zogi. Gwiwar da aka bari a miƙe ana jiran ciwo ya wuce, sandarewa take yi, kuma idan ta sandare, dawo da ita ya fi tiyatar kanta wuya. Wannan ne dalilin da ya sa likita ke rubuta magani mai ƙarfi irin su tramadol, kodin ko mofin, waɗanda a likitance ake haɗa su a kira su opiyoyid. Ana ba da su ne domin majinyaci ya iya lanƙwasa gwiwa, ya taka ƙasa, ya kuma samu barci, ba domin ciwo ya ɓace ƙurmus ba.

Gwaggota da aka kawo daga Tawa aka yi mata aikin gwiwa a Yamai ita ce ta sa na fara mai da hankali kan wannan batu. A dare na biyu na tarar da ita ta dafe ƙarfen gado, zufa na keto mata, ga ƙwayar da aka ba ta tun magariba a naɗe a bakin zanenta. Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki sha ba?" Ta ce, "Ɗan nan, da girmana zan sha tramol irin na 'yan tasha? Allah ya kiyaye." Washegari da mai gashin ƙashi ya zo, ko taɓa ƙafar ba ta bari ya yi ba. Tsoronta yana da tushe, domin duk wanda ke zaune a Nijar ya ga yadda tramol ya lalata matasa, amma ƙin sha a lokacin da ake bukata kuskure ne, kamar yadda ci gaba da sha bayan bukata ta wuce shi ma kuskure ne.

Kafin ranar tiyata

Aikin yana farawa ne a ganawar da ake yi da likitan sa barci kwanaki kaɗan kafin tiyata, ko a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ne, ko a na Lamorde, ko a asibitin kuɗi. Majinyaci ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha a cikin leda, har da na gargajiya, domin sunan da ya riƙe a ka ba lallai ya zama daidai ba. Ya faɗi idan yana da ciwon ƙoda, ciwon hanta, gyambon ciki, asma, ciwon suga, farfaɗiya ko sikila, mace kuma ta faɗi idan tana da ciki ko tana shayarwa. Kowanne daga cikin waɗannan yana canja lissafin likita. Tramadol yana iya tayar da farfaɗiya, yana kuma iya saukar da sugan jini. Mofin yana taruwa a jikin wanda ƙodarsa ba ta tace jini sosai. Kodin ba a ba mai shayarwa ko yaron da bai kai shekara 12 ba. Rifamfisin da ake sha don tarin fuka yana rage ƙarfin wasu daga cikin waɗannan magunguna. Masu shan maganin ciwon damuwa irin su fuluwoksetin ko amitiriftilin kuwa, haɗa shi da tramadol yana iya jawo zazzaɓi, makyarkyata da ruɗewa. Minshari ma abin faɗa ne. Wanda iyalinsa suka shaida cewa yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa yakan ɗauke na ɗan lokaci a cikin barci yana cikin waɗanda opiyoyid ya fi yi wa haɗari da dare.

Akwai magana ɗaya da kunya ke hana mutane faɗa, alhali ita ta fi muhimmanci. Idan mutum ya saba shan tramol don ƙarfin aiki, a wurin gini ne ko a gona ko a kan kabu-kabu, ko yana shan giya ko maganin barci, to ya gaya wa likita a keɓe, ya faɗi adadin da yake sha a rana ba tare da ragewa ba. Jikin da ya saba da ƙwaya ba ya jin ma'aunin da ake ba sauran mutane, don haka za a ba shi magani ya yi ta kuka ana ganin raki ne. Sannan idan aka yanke masa abin da ya saba kwatsam, bayan kwana ɗaya ko biyu zai fara gumi, gudawa da ciwon gaɓɓai, a yi ta neman zazzaɓin cizon sauro a jininsa ba a samu ba.

Kwanakin farko a asibiti

Yawancin tiyatar gwiwa ana yin ta ne da allurar ƙashin baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, wani lokaci kuma a ƙara da allurar da ke kashe jijiyar cinya. Ta farko tana sakin mutum cikin 'yan awoyi, ta biyu takan kai awa 12 zuwa 24. A wannan tsakanin majinyaci yana jin daɗi, yana amsa gaisuwar 'yan dubiya, har ya ce ba ya bukatar magani. Sai tsakar dare allura ta sake shi, ciwo ya faɗo masa gaba ɗaya. Saboda haka a sha maganin da ma'aikatan jinya suka kawo a kan lokacinsa, ko da ba a fara jin komai ba, domin tare ciwo kafin ya hau ya fi sauko da shi sauƙi, kuma ya fi cin magani kaɗan.

Za a riƙa tambayar majinyaci ya auna ciwonsa daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin babu ciwo, 10 kuma ciwon da bai taɓa jin irinsa ba. Mu mutane ne da aka rena da dauriya, kuma amsar da ke bakinmu ita ce "da sauƙi" ko "alhamdulillahi". Godiya ga Allah tana nan a wurinta, amma ma'aikacin jinya lamba yake nema, kuma da ita yake yanke shawarar ƙara magani ko rage shi. Abin da ake so shi ne ciwo ya tsaya a wajen 3 ko 4 idan ana kwance, yadda mutum zai iya hira, ya ci abinci, ya yi barci. Kwana na biyu da na uku su ne suka fi tsanani ga mafi yawan mutane, daga nan sai ya fara sauka.

Likitocinmu da yawa suna magana da matakai uku na maganin ciwo, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986 domin masu ciwon daji: farasitamol da magungunan kumburi a mataki na ɗaya, kodin da tramadol a na biyu, mofin da ire-irensa a na uku. Mai ciwon daji hawa yake yi daga ƙasa zuwa sama, amma wanda aka yi wa tiyata daga sama yake farawa yana saukowa, kuma tun ranar farko ya kamata ya san cewa tsani ne na sauka aka ɗora shi a kai.

Ranar sallama da zuwa farmasi

Kada a bar asibiti sai majinyaci da wanda zai kula da shi sun fahimci takardar magani, wadda muke kira ordonans, layi bayan layi. A tambayi wane ne maganin da za a sha a kan lokaci kullum, wane ne sai ciwo ya tsananta, awa nawa za a bari tsakanin sha da sha, mene ne iyakar abin da za a sha cikin awa 24, kwana nawa ake sa ran za a ɗauka, kuma wa za a kira idan abu ya rikice da dare. Wanda ba ya karanta Faransanci ya roƙi ma'aikacin farmasi ya yi masa alama a jikin kowane kwali.

Maganin kuma a farmasi za a saya, ba a wurin masu talla a faranti ko a kan keke ba. Tramadol na asibiti yawanci miligiram 50 ne a kowace ƙwaya, kuma iyakar abin da babban mutum zai sha a rana miligiram 400 ne, wanda ya haura shekara 75 kuma ba ya wuce 300. Tramol na kasuwa da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya yakan zo da miligiram 200, 225 ko 250 a ƙwaya ɗaya, wato ƙwaya guda ta kai huɗu ko biyar na asibiti, kuma ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinta. Wanda maganinsa ya ƙare da dare ya nemi farmasin da ke gadi a wannan makon.

Abubuwa biyu ne za a duba a jikin kwali. Na farko shi ne haruffan LP, waɗanda ke nufin cewa ƙwayar tana sakin magani a hankali na tsawon awa 12 ko fiye. Irin wannan ba a tauna ta, ba a daka ta a zuba a kunu ko fura don tsoho ya samu sauƙin haɗiya, domin yin haka yana zubo wa jiki maganin awa 12 ko fiye a lokaci guda. Na biyu shi ne magungunan da aka haɗa biyu a ƙwaya ɗaya. Ixprim yana ɗauke da tramadol miligiram 37.5 da farasitamol 325, Efferalgan Codéine kuma yana da farasitamol 500 da kodin 30. Wanda ke shan ɗaya daga cikinsu, sannan ya ƙara da Doliprane, wanda shi ma farasitamol ne, da maganin mura a kai, yana iya wuce iyakar farasitamol ba tare da ya sani ba, kuma hanta ce ke biyan wannan bashi.

Tubalin ƙasa: abin da ake fara shimfiɗawa kafin opiyoyid

A gida, opiyoyid ba shi ne ginshiƙi ba. Ginshiƙin shi ne farasitamol da ake sha a kan agogo, yawanci miligiram 1000 duk bayan awa 6, ba a wuce 4000 a rana. Tsofaffi, masu ciwon hanta da wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, likita yakan rage musu zuwa 3000 ko ƙasa da haka. Mutane suna raina farasitamol saboda arha da sabo, amma idan ana shan sa a jere ba tare da tsallake ba yana rage yawan opiyoyid da jiki ke nema. Idan likita ya yarda, a kan ƙara maganin kumburi irin su ibufurofen ko dikulofenak, wanda ake sha bayan cin abinci. Wannan ba na kowa ba ne: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya da wanda ake yi wa allurar tsinka jini irin su Lovenox kada su sha sai da izinin likita. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, jikin da ruwa ya yi masa ƙaranci ƙodarsa ba ta jure waɗannan magunguna, don haka gorar ruwa ta zauna kusa da gado.

Sai ƙanƙara. A naɗe ta a tawul mai tsabta, a ɗora a kan gwiwa na minti 15 zuwa 20, sau da yawa a rana, musamman bayan motsa jiki, ba tare da ruwa ya jiƙa bandeji ba. Inda wutar lantarki ba ta zama, a sayi ƙanƙarar leda a unguwa a ajiye a cikin kula. A ɗaga ƙafar a kan matashi yadda za ta fi ƙirji tudu, amma matashin ya kasance ƙarƙashin sha-raɓa da diddige, ba a ƙarƙashin gwiwa ba, domin gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe takan ƙi miƙewa daga baya. Gashi da ruwan zafi, shafa man zafi a bakin ɗinki da kiran mai ɗori ya murza ƙafar duk ba su da wuri a makonnin farko, ko da wane dattijo ne ya kawo shawarar.

Yadda ake shan opiyoyid ɗin kansa

A kan wannan shimfiɗa ne ake ɗora tramadol ko abin da likita ya rubuta, kuma lokuta biyu ne suka fi cancanta da shi: kafin motsa gwiwa da kuma kafin barci. Ƙwayar da ba ta LP ba takan fara aiki cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, ta riƙe mutum awa 4 zuwa 6. Idan mai gashin ƙashi, wanda a Yamai aka fi sani da kine, zai zo da ƙarfe 10 na safe, to a sha magani wajen ƙarfe 9, yadda ƙarfinsa zai haɗu da lokacin da ake lanƙwasa ƙafar. Bayan canjin gaɓa ana so gwiwa ta kai lanƙwasar digiri 90 a cikin makonnin farko, wato yadda mutum zai zauna a kan kujera tafin ƙafarsa na ƙasa, kuma wannan ne ma'aunin da za a duba a gane ko maganin yana biyan bukata.

Shawarar da na fi ba ta muhimmanci ita ce mutum ɗaya ya riƙe maganin, ya kuma riƙe ɗan littafin rubutu. A gidajenmu jinya ta kowa ce: uwargida ta ba da ƙwaya, amarya ta shigo ta ga maigida yana nishi ta ƙara masa, ɗa ya dawo daga aiki shi ma ya miƙa, kowa da kyakkyawar niyya. Shi kansa majinyacin da magani ya sa shi gyangyaɗi ba zai tuna ko ya sha ba. A littafin a rubuta lokaci, sunan magani, adadi da lambar ciwo kafin sha. Da muka koma gida da gwaggo, 'yarta ce ta riƙe wannan aiki, kwalin yana cikin jakarta, mabuɗin jakar yana ɗaure a bakin zanenta, kuma da aka koma ganin likita, littafin ya duba ya ga cewa ta kwana uku ba ta nemi na rana ba, nan take ya soke shi.

Idan an manta ba a sha ba, ba a haɗa biyu a rama. Idan an sha kuma ciwo bai lafa ba, ba a ƙara kafin lokaci ya cika. A sa ƙanƙara, a canja kwanciya, in abin ya ci gaba a kira likita. Haka kuma ba a haɗa opiyoyid da giya, da maganin barci ko na kwantar da hankali irin su Valium da Lexomil, da Phénergan na ƙaiƙayi da amai, da firegabalin na ciwon jijiya sai dai idan likitan da kansa ya haɗa su, ko da maganin tari mai kodin, wanda maƙwabciyarmu Nijeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018 saboda ɓarnar da ya yi. Dukkansu suna iya danne numfashi, kuma haɗuwarsu ce ke kashe mutane a cikin barci. Tuƙin mota ko babur ma babu shi muddin ana shan maganin.

Illolin da aka saba gani

Taurin bayan gida shi ne wanda kusan kowa ke samu, kuma ba kamar sauran illolin ba, jiki ba ya sabawa da shi. Opiyoyid yana rage motsin hanji, ga kwanciya, ga ƙarancin ruwa. Kada a jira sai an kwana huɗu. Tun ranar farko a roƙi likita ya rubuta maganin sassauta ciki irin su Forlax ko Duphalac. A yawaita ruwa, kunun tsamiya, gwanda, dabino, miyar kuɓewa da ta kuka, da kwaɗon zogale, a rage burodi da farar shinkafa. Filasko da iyayenmu suka sani yana aiki, amma ba shi da ma'auni, yakan jawo murɗar ciki da gudawa, kuma wanda ke dogara sanda ba ya son abin da zai sa shi gudu zuwa bayi. Tun da an zo kan bayi, gwiwar da aka yi wa aiki ba ta tsuguno, don haka kafin a dawo da majinyaci a tanadi kujera mai huji da za a ɗora a kan masai.

Tashin zuciya, jiri da ƙaiƙayin jiki sukan zo a kwanakin farko su wuce. Shan magani bayan an ɗan ci abinci yana taimakawa, kuma kafin a miƙe a fara zama a bakin gado na minti ɗaya ko biyu. Tsoho da ya fara surutai marasa kan gado, ko yana ganin abin da ba a gani, ko fitsari ya ƙi fita, ba aljanu ba ne kuma ba tsufa ba ne. A dakatar da ƙwayar a sanar da likita a ranar.

Alamomin da ba a jira gari ya waye

Wanda ke kwana da majinyaci ya koyi ƙirga numfashi. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan ya sauka ƙasa da 10, ko ana tashinsa da ƙarfi ba ya farkawa sosai, ko yana wani irin gurnani a maƙogwaro, ko leɓɓansa da faratansa sun yi duhu, ko baƙin tsakiyar idonsa ya ƙanƙance kamar kan allura, to magani ya yi masa yawa. A kwantar da shi ta gefe, a kira SAMU, wato masu motar ɗaukar marasa lafiya ta gaggawa, a lamba 15 ko 'yan kwana-kwana a lamba 18, ko a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa tare da kwalayen maganin da littafin. Kada a ɗura masa madara ko ruwa, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin yake tafiya. A asibiti akwai allurar naloksan da ke karya ƙarfin opiyoyid cikin 'yan mintoci, sai dai ƙarfinta yakan ƙare kafin na ƙwayar, shi ya sa ba a komawa gida da zarar mutum ya buɗe ido. Jijjiga irin ta farfaɗiya ga mai shan tramadol ita ma ta gaggawa ce.

Akwai kuma ciwon da ba na ƙwaya ba ne, wanda ƙara magani ɓoye shi kawai yake yi. Ciwon tiyata kullum raguwa yake yi, ko da a hankali. Wanda ya lafa sannan ya dawo yana ƙaruwa, saƙo ne. Sha-raɓa da ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo idan an taɓa, alama ce ta gudan jini a jijiya, kuma idan aka ji sarƙewar numfashi ko sukar ƙirji, gudan ya kai huhu ke nan, a garzaya asibiti. Ɗinkin da ya yi ja, yana fitar da ruwa ko mugunya, ga zazzaɓi, alama ce ta ƙwayoyin cuta. A nan ƙasar duk zazzaɓi sunansa na cizon sauro, amma ga wanda aka sa wa ƙarfe a gwiwa a yi gwajin jini, a kuma nuna wa likitan tiyata ɗinkin, ba a sayi maganin zazzaɓi a zauna ba. Idan akwai filasta, yatsun ƙafa suka yi sanyi, suka mutu ko suka canja launi, ga ciwon da ya fi ƙarfin magani, a koma asibiti a daren.

Salla, azumi da hanyar Tawa

Majinyaci yana sallarsa a zaune a kan kujera har sai likita ya ba shi izinin durƙuso, kuma ya kiyaye ruwan alwala daga bandeji. Idan tiyata ta faɗo cikin watan azumi, addini ya yi wa maras lafiya rangwame ya sha ya rama. Abin da ba shi da kyau shi ne a tara maganin yini guda a shanye tsakanin buɗa-baki da sahur.

Wanda zai koma Tawa yana da tafiyar kusan kilomita 550 a gabansa, ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, kuma zaman awoyi da ƙafa a lanƙwashe yana ƙara kumburi da haɗarin gudan jini. Ya nemi izinin likita kafin ya kama hanya, ya samu wurin zama da zai miƙe ƙafa, ya riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa, ya sauko ya ɗan taka duk inda aka tsaya. Maganin ya kasance a kwalinsa na asali tare da ordonans, saboda tramadol abu ne da jami'an tsaro ke bincike a kansa a shingayen hanya. Ya kuma karɓi takardar bayanin tiyatarsa domin likitan da zai ci gaba da duba shi a asibitin jihar, yadda mutum ɗaya ne zai riƙa rubuta masa opiyoyid, ba biyu ba.

Saukowa

Wanda aka yi wa ƙaramin aiki ta huji da na'urar hangen cikin gaɓa yakan bukaci opiyoyid na 'yan kwanaki ne kawai, wani ma ba ya bukata sam. Canjin gaɓa da karaya sukan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye da haka kaɗan saboda gashin ƙashi. Dalilin gaggauta sauka shi ne kowane mako da aka ƙara yana ƙara wuyar rabuwa. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2017 ya nuna cewa cikin waɗanda suka fara shan opiyoyid, kashi 6 cikin 100 suna kan sha bayan shekara guda, amma adadin ya kai kashi 13.5 ga waɗanda shansu na farko ya kai kwana 8 ko fiye, ya kuma kusa kashi 30 ga waɗanda suka kai kwana 31.

Tsarin sauka shi ne a fara ajiye opiyoyid, sannan maganin kumburi, farasitamol ya zama na ƙarshe. Wanda ya sha na kwana uku ko huɗu yana iya dainawa kai tsaye. Wanda ya haura mako guda yana sha kullum kuwa, ya rage a hankali bisa shawarar likita: idan sau huɗu yake sha a rana, ya koma uku na kwana biyu, sannan biyu, yana fara zubar da na tsakar rana, ya bar na gabanin gashin ƙashi da na dare su zama na ƙarshe. Idan aka yanke da sauri, sai a ga hamma, yoyon hanci, gumi, tsigar jiki na tashi, murɗar ciki, rashin barci da ƙuncin rai. Wannan sabon jiki ne, yana iya samun kowa, har limami, kuma maganinsa a koma matakin baya a sauko a hankali. Abin da ya bambanta da shi, wanda kuma ya kamata a gaya wa likita ba tare da jin kunya ba, shi ne mutum ya lura yana duban agogo yana ɗokin lokacin sha alhali gwiwar ba ta ciwo, ko yana sha don ya manta da damuwa, ko ya fara ɓoye wa iyalinsa adadin da yake sha.

Barci yakan daɗe bai daidaita ba bayan canjin gaɓa, kuma gwiwa takan yi ɗumi da ɗan kumburi na wasu watanni. Ƙanƙara da farasitamol ne maganin wannan, ba komawa ga tramadol ba. Ƙwayoyin da suka rage kuma kada a ajiye su a kan firigo ko a ƙarƙashin matashi don wata rana, kada a ba maƙwabciya mai ciwon baya, kada kuma a bar su inda jikoki ko samarin gida za su kai hannu, domin ƙwaya ɗaya ta babba tana iya tsayar da numfashin ƙaramin yaro. A ƙirga su, a rubuta adadin a shafin ƙarshe na littafin, a mayar wa farmasi ko a tafi da su ranar da za a koma ganin likita.